Babban Harsashi Ba Ya Karanta Iska

A Amurka, inda harbin nesa ya zama wasa mai ƙungiyoyi da gasa da kasuwarsa ta musamman, maƙeran bindiga sun saba da wani irin baƙo. Mutum ne da ya daɗe yana tara kuɗi, ya karanta mujallu, ya kalli bidiyo har idonsa ya yi ja, daga ƙarshe ya yanke shawarar cewa bindigar kanti ba ta ishe shi ba, sai an ƙera masa tasa daidai da tsawon hannunsa da burinsa. Dala dubu huɗu, biyar, ko fiye za su tafi kafin a ɗora madubin hange a kai. Idan maƙeri ya tambaye shi wane harsashi za a yanka wa bututun, amsar tana bakinsa tun daga gida: .338 Lapua Magnum, ko dai ɗaya daga cikin manyan magnum masu lamba .300. Idan aka sake tambayarsa a ina zai riƙa harbi, sai a ji filin da ya fi kusa da gidansa bai wuce yadi 600 ba, kuma sau biyu ko uku a shekara ne zai samu zuwa inda ake harbin yadi 1,000.

Wannan mutum yana shirin sayen abin da zai hana shi iya harbi, kuma da kuɗinsa. Tunanin da ya kawo shi, wato cewa nisa yana bukatar girma, shi ne kuskuren da ya fi kowane tsada a wannan sana'a, kuma masu talla ba su da niyyar gyara masa shi. Ga mafi yawan masu son harbin da bai wuce yadi 1,000 ko 1,200 ba, harsashin da ya dace shi ne matsakaici, wanda mutum zai iya harba dubbai ba tare da aljihunsa ko kafaɗarsa sun yi kuka ba, wanda kuma zai bar shi ya ga inda harbinsa ya sauka.

Abin da ake zaɓa idan an zaɓi kaliba

Kalmar kaliba a asali faɗin ramin bututu take nufi. Milimita 6.5 awon ramin ne, inci .308 kuwa awo ne na kaurin dalmar da ke fita. Amma a bakin maharba kalmar ta ɗauki ma'anar harsashin gaba ɗaya, da kwansonsa da yawan albarushin da yake ci, shi ya sa .308 Winchester da .300 Winchester Magnum suke jefa dalma mai kauri ɗaya, amma na biyun yana ƙona albarushin da ya haura na farkon da fiye da rabi.

A bindigar da aka ƙera ta musamman wannan zaɓi yana jawo wasu zaɓuɓɓuka a bayansa. Shi ke faɗin ko uwar bindigar za ta zama gajera ko doguwa. Shi ke faɗin girman fuskar sakata, wato ƙarfen da ke tura harsashi ya kulle shi a ɗakinsa: dangin .308 suna amfani da fuska mai faɗin inci .473, yawancin magnum kuwa suna bukatar .532, shi kuma .338 Lapua ya fi su duka faɗi. Shi ke faɗin nauyin bindigar da tsawon bututunta da irin murɗin da za a tsaga a cikinsa. Wanda ya zaɓi gajeruwar uwa mai fuskar .473 ya buɗe wa kansa ƙofofi da yawa, domin da sauya bututu kaɗai zai iya komawa daga .308 zuwa 6.5 Creedmoor, ko .260 Remington, ko .243 Winchester, ko 6mm Creedmoor. Wanda ya fara da Lapua kuwa ya gina katafaren gida mai ƙofa ɗaya.

Iska ce abokiyar gaba

Mai sha'awar magnum yakan fara hujjarsa da faɗuwar dalma. Gaskiya ne cewa dalma tana faɗuwa sosai a hanya: wadda aka saita a yadi 100, kafin ta kai yadi 1,000 ta sauka ƙasa da fiye da mita bakwai, kuma mai gudu ta fi marar gudu miƙewa. Sai dai wannan matsala ce da aka riga aka warware. Jan ƙasa ba ya canza ra'ayi tsakanin safe da yamma. Na'urar auna nisa mai aiki da hasken lesa tana faɗin tazara cikin ƙiftawar ido, manhajar lissafi a waya tana faɗin yawan murɗin da za a yi wa madubi, shi ke nan. Ko faɗuwar mita bakwai ce ko mita goma, muddin an san nisa da gudun dalmar, lissafin ɗaya ne.

Iska ce ba ta da alƙawari. Tana iya kaɗawa daga dama a wurin da maharbi yake kwance, ta lafa a tsakiyar kwari, ta juyo daga hagu kusa da abin bara, kuma dalmar tana shafe kusan sakan ɗaya da rabi tana ratsa waɗannan duka. Babu na'urar hannu da ke auna iskar da ke yadi 700 daga inda mutum yake. Sai dai ya karanta ta a jikin ciyawa da tutoci da kuma rawar da zafi ke yi a cikin madubi, kuma wannan karatu ba a sayar da shi a kanti.

A nan ne ya kamata a kawo alƙaluma, domin su ne ke rushe tatsuniyar. Ana auna nauyin dalma da ma'aunin giren, wanda kusan goma sha biyar da rabi nasa ke yin giram ɗaya. A iskar da ke gudun mil 10 a sa'a tana bugowa daga gefe, dalmar .308 mai giren 175 takan kauce da kusan inci 100 a yadi 1,000. Dalmar 6.5 Creedmoor mai giren 140, siririya doguwa, takan kauce da kimanin inci 70. Doguwar dalma mai giren 215 daga .300 Winchester Magnum takan kauce da kusan inci 60. Waɗannan ƙiyasi ne da ke motsawa kaɗan gwargwadon tsayin wuri da yanayi, amma tsarinsu ba ya sauyawa. Tsallen da ke tsakanin .308 da 6.5 babba ne. Wanda ke tsakanin 6.5 da magnum ƙarami ne: kusan inci ɗaya a kan kowane mil ɗaya na iska da aka yi kuskuren karantawa.

To, a gasar F-Class da'irar maki goma a yadi 1,000 faɗinta inci 10 ne, wato inci 5 daga tsakiya zuwa baki. Maharbin da ya yi kuskuren mil biyu a karatun iska, kuma sabon shiga yakan yi fiye da haka, zai kauce da inci 14 idan yana riƙe da 6.5, da inci 12 idan yana riƙe da magnum. Duka biyun sun fita daga da'irar. Wanda ya biya ninki biyu na kuɗin harsashi ya sha ninki biyu na duka, abin da ya samu shi ne ya rasa abin bara da ɗan kusa-kusa. Bryan Litz, injiniyan da ya kafa Applied Ballistics kuma ya rubuta littattafan da maharba da yawa ke dogaro da su, ya gina hanyar lissafi da ke auna yiwuwar samun bara idan aka sauya abu ɗaya aka bar sauran, kuma abin da irin wannan lissafi ke nunawa a dogon zango shi ne rashin tabbas game da iska ya fi sauran dalilai cin maki.

Abin da ke rage tasirin iska shi ne siffar dalma da nauyinta idan aka gwada da kaurinta, abin da masana ke kira ma'aunin ratsa iska. Doguwar dalma siririya mai tsinin baki da matsattsen gindi tana riƙe gudunta. Ana iya samun wannan siffa a milimita 6 ko 6.5 ko 7 ba tare da an tara albarushi mai yawa a bayanta ba. Kafin a samu irin wannan ma'auni a kaurin .30 sai dalmar ta haura giren 200, kuma tura irin wannan nauyi da gudu yana da farashi.

Shurin bindiga da idon maharbi

Farashi na farko kafaɗa ce ke biyansa. Duk abin da ya fita ta gaba da ƙarfi yana tura bindiga baya daidai gwargwado. A bindigogi biyu masu nauyi ɗaya, magnum mai jefa giren 215 tana shuri da ƙarfin da ya haura ninki biyu na 6.5 Creedmoor. Maza da yawa suna ɗaukar jure wannan a matsayin jarumtaka, suna kuma jin kunyar amsa cewa yana damunsu. Jiki kuwa ba ruwansa da kunya. Bayan harbi ashirin ko talatin yakan fara shirya wa dukan tun kafin ya zo: ido ya runtse, kafaɗa ta zabura, yatsa ya fizgi kunama maimakon ya matsa ta a hankali. Malaman harbi suna da tsohuwar dabarar tona wannan asiri, su cusa harsashin bogi a cikin na gaske ba tare da ɗalibi ya sani ba, sai a ga bakin bindiga ya nutse ƙasa alhali babu abin da ya tashi. Wannan ɗabi'a tana shiga cikin mako guda, fitar da ita kuwa takan ɗauki watanni.

Akwai kuma asarar da ta fi wannan, wadda sabon shiga ba ya lura da ita. Idan bindiga ta yi tsalle, abin bara yana ɓacewa daga madubi, kuma kafin mutum ya dawo da idonsa ƙurar da dalma ta tayar ta riga ta kwanta. Wanda bai ga inda harbinsa ya faɗi ba bai koyi komai daga gare shi ba. Da bindiga mai sauƙin shuri, maharbi yana kallon ƙurar da idonsa, wani lokaci har ya ga sawun da dalmar ke bari a cikin iska, ya san cewa ya kauce dama da taku ɗaya, ya gyara nan take kafin iskar ta sauya. Ta haka ake koyon karatun iska, harbi bayan harbi.

Babu shaidar da ta fi abin da gwanaye ke yi idan an sa kofi da kuɗi a gaba. A gasar Precision Rifle Series, inda ake harbin faranta na ƙarfe daga yadi ɗari kaɗan zuwa fiye da dubu, daga kan duwatsu da shingaye da tayoyi, cikin ƙayyadadden lokaci, doka ta yarda da kaliba har zuwa .30 da gudun da bai wuce ƙafa 3,200 a sakan ba. Ke nan .300 Winchester Magnum halal ce a wurin. Amma waɗanda ke saman jeri sun bi ta kishiyar hanya. Sun fara da .308 da 6.5, suka gangara zuwa milimita 6: 6mm Dasher, 6mm Creedmoor, 6mm GT da danginsu, masu jefa dalma mai giren 105 zuwa 110 daga bindigogin da nauyinsu kan kai kilo tara ko goma. Mutanen da ke iya sayen duk abin da suke so, waɗanda kamfanoni ke roƙo su karɓi kaya kyauta, sun zaɓi ƙarami domin su riƙa ganin harbinsu.

Bututu kayan ƙarewa ne

Farashi na biyu ƙarfe ne ke biyansa. Kowane harbi yana hura wuta mai tsananin zafi da matsi a maƙogwaron bututu, wato 'yan incin farko da ke gaban ɗakin harsashi, yana ƙona ƙarfen yana tsattsaga shi kaɗan-kaɗan. Gwargwadon yawan albarushin da ake turawa ta ƙaramin rami, gwargwadon saurin lalacewa. Ƙiyasin da maharba suka saba bayarwa shi ne bututun .308 yakan riƙe daidaitonsa har harbi 5,000 ko fiye, na 6.5 Creedmoor tsakanin 2,000 da 3,000, na 6mm Creedmoor ƙasa da haka, manyan magnum masu zafi kuwa sau da yawa ba sa wuce 1,000 zuwa 1,500. Dalma tana shafe ɗan abin da ya haura kashi ɗaya cikin dubu na sakan a cikin bututu. Idan aka tara, bututun da ya yi harbi 2,500 ya yi aikin kusan sakan uku ke nan a duk rayuwarsa.

Wannan lissafi yana da ma'ana biyu. Ta farko, wanda ke tsoron ƙona bututunsa mai tsada ba zai yi atisaye ba. Zai riƙa ƙirga harsasai kamar mai ƙirga kwanakin albashi, ya je fili da guda ashirin, ya dawo da kafaɗa mai ciwo, ya ajiye bindigar wata biyu. Kwalin .338 Lapua na kamfani yakan ninka na 6.5 Creedmoor sau biyu ko uku a farashi, saboda haka kuɗin da zai ba wani harbi dubu a shekara shi zai ba shi ɗari uku zuwa ɗari biyar. Bayan shekara uku ba sai an tambaya wanene a cikinsu ya iya karanta iska ba.

Ma'ana ta biyu ta fi daɗin ji. Tunda bututu zai ƙare ko ana so ko ba a so, zaɓin kaliba ba auren zobe ba ne. Uwar bindiga da ƙota da kunama da madubi su ne dukiyar da ke daɗewa. Bututu kamar tayar mota yake. Mutumin da ya shafe wata shida yana muhawara da kansa tsakanin harsasai biyu masu kama da juna ya ɓata lokacin da ya ishe shi ƙone rabin bututu yana koyo.

Inda masu babban harsashi suke da gaskiya

Ba a ƙirƙiro magnum don banza ba, kuma adalci ne a faɗi inda take da aiki. Dalma tana tafiya lafiya muddin ta fi sauti gudu, wato kimanin mita 343 a sakan. Idan ta fara kusantar wannan iyaka, iska takan fara jijjiga ta, lissafi ya rage tabbas. Dalmar .308 mai giren 175 tana isa wannan yanki a wajajen yadi 900 zuwa 1,000 a ƙasa mai daidai da teku, 6.5 Creedmoor kuwa tana wuce yadi 1,200 kafin ta shiga cikinsa. Wanda da gaske zai riƙa harbin yadi 1,500 ko mil guda yana bukatar ƙarin albarushi da ƙarin nauyi, kuma a nan .300 PRC ko .300 Norma ko .338 Lapua suna kan hurumin da aka yi su dominsa. A gasar King of 2 Miles da ake yi a Raton ta jihar New Mexico, inda bara ke kaiwa mil biyu, manyan harsasai irin su .375 CheyTac da .416 Barrett ne ke fafatawa, har ma ganin inda dalma ta faɗi a wannan nisa yana bukatar mai nauyin da zai tayar da ƙura.

Haka nan a ajin buɗaɗɗe na F-Class, gasar da ta samo sunanta daga George Farquharson ɗan Kanada, ana harbi a kwance da bindiga mai nauyin har kilo 10 a kan matattara, ana kuma nuna wa maharbi inda kowane harbi ya faɗi. A can shuri ba ya cutarwa sosai, don haka milimita 7, musamman .284 Winchester da 'ya'yanta, ta daɗe tana mulki, wasu kuma suna amfani da gajerun magnum na .30. Wannan ma darasi ɗaya yake koyarwa: dokar wasa da nisan fili ne suka zaɓi harsashin, kuma ko a can ba mafi girman da doka ta yarda da shi ne ya yi rinjaye ba.

Martabar .338 Lapua a idon jama'a daga fagen yaƙi ta fito. An ƙera shi a shekarun 1980 don sojoji, kamfanin Lapua na ƙasar Finlan ya kammala shi, kuma sunansa ya zagaya duniya bayan harbin mita 2,475 da sojan Birtaniya Craig Harrison ya yi a Afganistan a 2009. Amma soja yana da gwamnati da ke saya masa harsashi da bututu, yana da abokin aiki a gefensa da ke kallon inda dalma ta faɗi, kuma ya yi shekaru yana horo da ƙananan bindigogi kafin a damƙa masa wannan. Farar hula da ya kwaikwayi kayan ya bar horon ya ɗauki rawani ne ya bar sarautar.

Ɗaya kuskuren: bin yayi

Kada masu ƙananan harsasai su yi saurin tafi, domin su ma suna da tasu cutar. Kusan kowace shekara kamfanoni suna fito da sabon suna: 6.5 PRC da .300 PRC a wajajen 2018, 7mm PRC a 2022, ga kuma jerin waɗanda maƙera ke ƙirƙira a shagunansu ba tare da wata hukumar awo ta amince da su ba. Kowanne ana tallarsa kamar shi ne ya gano sirrin da magabata suka kasa ganowa. Tarihi ba ya goyon bayan wannan zumuɗi.

6.5 Creedmoor, wanda Dave Emary na kamfanin Hornady da gwanin gasa Dennis DeMille suka tsara aka fitar a 2007, bai kawo sabon gudu ba. Sojojin Suwidin da Norwe sun karɓi 6.5x55 tun 1894, kuma abin da yake yi da dalma mai giren 140 bai yi nisa da na Creedmoor ba. .260 Remington ya riga shi fitowa da shekara goma, a 1997, kuma ya ɗan fi shi ɗaukar albarushi. Abin da ya ɗaga Creedmoor abubuwa ne marasa ƙyalli: kwanso gajere da ke barin doguwar dalma ta zauna daidai a cikin gidan harsashi, murɗin bututu mai sauri na zagaye ɗaya a kowane inci 8 da aka mayar ƙa'ida tun farko, da kuma harsashin kamfani mai inganci a farashin da talaka zai iya saye. Nasararsa ta samuwa ce da daidaito.

Labarin .244 Remington ya isa gargaɗi. Ya fito a 1955, shekara ɗaya da .243 Winchester, kuma ya fi shi ɗaukar albarushi. Amma an yi masa murɗi mai jinkiri, zagaye ɗaya a inci 12, wanda ba ya iya daidaita dogayen dalma masu giren 100 da mafarauta ke so, alhali abokin hamayyarsa yana da ɗaya a inci 10. Kasuwa ta juya masa baya. Daga baya kamfanin ya gyara murɗin, a 1963 kuma ya sauya masa suna zuwa 6mm Remington, amma bakin alƙalami ya riga ya bushe. Wanda ya je wurin maƙeri yana maganar sunan harsashi kaɗai, bai tambayi murɗi da tsawon maƙogwaro da irin dalmar da zai harba ba, yana iya maimaita wannan kuskure a bindigarsa guda ɗaya.

Samuwa ma ba ƙaramin abu ba ce. A 2020 da 2021, lokacin da harsasai da kayan haɗa su suka yi ƙaranci a Amurka, masu baƙin harsasai da ba kowane kamfani ke yi ba sun fi kowa shan wahala, kuma da kaya suka fara dawowa, sanannun ne suka fara cika kantuna. Bindigar da babu abin sa mata sanda ce mai tsada.

Shi kansa sunan Creedmoor yana ɗauke da darasin da masu yayi suka manta. Filin harbi ne a tsibirin Long Island na New York, inda a 1874 tawagar Amurka ta kara da ta Ailan a yadi 800 da 900 da 1,000, da baƙin albarushi da manyan dalma masu tafiyar hawainiya, babu madubin hange. Amurkawa sun ci da maki 934 a kan 931, kuma cikin abin da ya raba gardamar har da wani ɗan Ailan da ya harba daidai tsakiya, amma a kan allon da ba nasa ba. Har yau a Bisley ta Ingila da kuma gasar Palma ana harbin yadi 1,000 da .308 mai giren 155 da saitin ƙarfe, kuma gwanayen wurin suna zuba dalma a tsakiya da harsashin da ya fito tun 1952, wanda masu yayi ke cewa ya tsufa. Akwai ma malaman da ke ganin .308 ya fi kowane koyar da iska, saboda ba ya yafe kuskure, kuma bututunsa yana daɗewa har ɗalibi ya ƙoshi.

Idan abin bara yana da rai

A kan farantin ƙarfe, kuskure maki ne kawai. A farauta kuwa dabba ce ke tafiya da rauni a ciki ko a cinya, ta mutu bayan kwana biyu a inda ba wanda zai same ta. A nan ne hujjar magnum ta fi yin kama da gaskiya, a nan kuma ta fi haɗari. Gaskiya ne babbar dabba a nesa tana bukatar dalmar da ta isa da sauran gudun da zai sa ta buɗe ta yi aikinta. Amma ƙarfi ba ya gyara wurin da aka samu. Mafarautan Suwidin da Norwe sun shafe fiye da ƙarni suna kayar da mus, ƙaton barewar dajinsu da nauyinta kan haura kilo 400, da 6.5x55, domin suna matsowa kusa suna sa dalma a huhu. Ƙungiyar Boone and Crockett, wadda Theodore Roosevelt ya kafa a 1887, ta fito fili ta yi gargaɗi a kan mayar da dabba abin gwajin nisa. Abin tsoro game da babban harsashi a hannun wanda bai ƙware ba shi ne yana ba shi ƙwarin gwiwar da hannunsa bai kai ba, ya ga barewa a yadi 700 ya tuna abin da aka rubuta a bayan kwali, ya manta cewa bai taɓa samun faranti sau goma a jere a wannan nisa ba.

Tambayoyin da maƙeri nagari ke yi

Maƙerin da ya san aikinsa kuma yake tsoron haƙƙi ba ya fara magana da sunan harsashi. Yakan tambayi nisan filin da mutum zai riƙa zuwa kowane wata, ba wanda yake mafarkin zuwa wata rana ba. Yakan tambayi harsashi nawa zai iya saye a shekara, ko zai riƙa haɗa nasa ko sai na kanti, ko bindigar za ta kwanta a kan tabarma ne ko za a hau dutse da ita a kafaɗa, ko kuma akwai gasar da dokarta ta riga ta yanke hukunci, kamar ajin F-TR da bai yarda da komai ba sai .223 da .308. Amsoshin nan suna rage jerin zuwa biyu ko uku, kuma ga mafi yawan mutane abin da ke saura shi ne 6.5 Creedmoor ko .308 a gajeruwar uwa, ko ɗaya daga cikin milimita 6 ga wanda ya riga ya shiga gasa kuma ya amince zai riƙa sauya bututu akai-akai.

Baƙon nan mai filin yadi 600, idan ya ji shawara, zai fita daga shagon da bindigar da ba za ta sa abokai su yi shewa ba. Rarar kuɗinsa za ta tafi ga madubi mai kyau, da akwatunan harsashi, da kwana biyu a hannun malamin da zai zauna a gefensa yana nuna masa yadda ciyawa ke kwanciya. Bayan shekara biyu bututun farko zai ƙone, kuma a lokacin yana da littafin da ya cika da bayanan harbi dubu biyu da ɗoriya. Idan har a ranar ya ga cewa yadi 1,200 sun yi masa kaɗan, ya kuma samu filin mil guda da zai riƙa zuwa, sai ya koma wurin maƙerin su yi maganar magnum.